Makullin Malama

Duk wanda ya taɓa haya a wannan gidan bene ya san Gwaggo Tela, don ba yadda za a yi mutum ya hau ko ya sauko bai gifta ta bakin tagarta ba. Sashenta ne na farko a ƙasa, daidai gindin matakala: ɗaki biyu da ɗan kicin. A ɗakin gaba ta kafa keken ɗinkinta tun shekarar da mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda. Kafin rasuwar ɗinkin marmari take yi. Bayanta kuwa ya zama shi ne ci, shi ne sha, shi ne makarantar yaron, har ya girma ya koyi gyaran mota ya yi nasa iyalin a wata unguwa. Mace ce gajera mai jiki, tabarau rataye a wuya, tef ɗin awo a kafaɗa, har matan gidan kan tsokane ta cewa da shi take barci. Ba ta cika magana ba. Idan aka gaishe ta sai ta amsa da ka, ƙafa na kan keke, allura a baki.

Ba ita ta nemi riƙon makullan jama'a ba. Matar direban da ke saman bene ce ta fara, wata rana za ta kasuwa, ta miƙo makulli ta taga ta ce a ba mijinta in ya riga ta dawowa. Daga nan abu ya zama kamar doka. Mai tafiya ganin gida ya bar nasa, mai jiran mai gyaran famfo ya bar nasa, mai mantuwar da ke yawan kulle kansa a waje ya yanko na biyu ya kawo. Hujjarsu ɗaya ce: ai Gwaggo kullum tana nan. Ba wanda ya taɓa tambayarta ko tana son ta kasance kullum tana nan. Ta buga ƙusoshi a bayan ƙofarta, ta ɗaura wa kowane makulli ƙyalle mai launi daban don kada ta rikice. Ta san ƙofar da sai an ɗan ɗaga ta kafin makulli ya juya, ta san inda ake kashe ruwa da wuta a kowane sashe fiye da masu sashen.

Sau ɗaya ta taɓa doguwar tafiya, lokacin da ƙanwarta ta kwanta asibiti a wani gari. Ko zama ba ta gama yi ba aka fara kira: famfo ya fashe a sashen wani ma'aikacin banki da ba ya gari, ruwa na zuba a kan na ƙasa da shi, makulli kuwa na rataye a bayan ƙofarta a kulle. Da ta dawo ba wanda ya tambaye ta mai jiki sai da aka gama jera mata katifun da suka jiƙe. Ta ba da haƙuri, ita da ba ta fasa famfon kowa ba. Tun daga lokacin duk inda ta je hankalinta na gida.

Daidai saman kanta Malama ke zaune. Tsohuwar shugabar makaranta ce da ta yi ritaya, doguwa, miƙaƙƙiya kamar an sa mata sanda a baya. Ba a taɓa ganin tufarta ba guga ba, ba a taɓa ganin ɗaurin kanta ya karkace ba, kuma in ta wuce sai matakala ta daɗe tana ƙamshi. Manya ma in sun hango ta sukan gyara tsayuwa, sai ka ce za ta duba musu farce. Ba wanda ya taɓa wuce bakin ƙofarta. Tela ce ke mata ɗinki, amma ko awo Malama ce ke saukowa a yi. Wani lokaci takan ɗan zauna bayan an gama, ta sha shayi, ta gyara wa Tela wata kalma da ta faɗa ba daidai ba, ta tashi. A wajen Malama wannan shi ne ƙawance, Tela kuma tana jin daɗinsa fiye da yadda take nunawa.

'Ya ɗaya Malama ke da ita, tana aiki a wani gari mai nisa, sai ta samu hutu take leƙowa. Ita ce ta sauko da makulli wata rana, uwar na bayanta fuska a ɗaure. Ta ce shekaru sun ja, hawan jini ya sa Mama gaba, ita kuma ba ta kusa. Don Allah Gwaggo ta riƙe ko da wani abu zai taso. Malama ta ce ita ba ta ga amfaninsa ba, amma tunda yaran zamani su ke ba iyayensu umarni, to. Sai dai a sani, na gobara ne ko makamancinta, ba na leƙe ba. Tela ta ɗaura masa farin ƙyalle ta rataye.

Ya daɗe a rataye ba a taɓa shi ba. Sai wata rana da tsakar rana Tela ta ji ƙauri, ta leƙa ta ga hayaƙi na fita ta tagar kicin ɗin Malama. Ta hau da gudu irin nata, ta buga ƙofa, ta kira, shiru. Kafin ta zura makulli har direba da mai shagon bakin ƙofar gida sun biyo ta da bokiti, matar direba na bayansu. Ƙofa na buɗewa kowa ya danna ciki.

Tukunya ce kawai ta ƙone ƙurmus a kan gas, direba ya kashe ya buɗe tagogi. Amma abin da idanu suka gani ba ya kasuwa. Malama na kan kujera tana barcin da maganinta ke sa ta, daga ita sai zane, kai ba ɗankwali, kan kuwa ba gashi sai tsilli-tsilli. Haƙoranta na cikin kofi. An ɗaura igiya daga taga zuwa ƙofa a tsakiyar falo, an shanya tsummokara da zannuwan gado da leda irin wadda ake shimfiɗa wa jarirai. Warin da turare ke ɓoyewa a matakala, a nan ba abin da ya ɓoye shi. Malama ta farka ta ga maza biyu tsaye a kanta. Ba ta yi ihu ba. Ta jawo matashin kujera ta kare ƙirjinta, ta ce da murya ƙasa-ƙasa su fita.

Kafin rana ta faɗi labari ya gama gidan, ya tsallaka titi. Matar direba ba ta barin zance ya kwana a cikinta. Ashe duk ƙasaitar nan, ashe duk turaren nan. Tela ta ji da kunnenta, ta tsawatar, aka ce mata ai tausayi ake yi.

Malama ta daɗe ba ta sauko ba. Ranar da ta sauko, ta sha ado kamar kullum, ta tsaya a bakin ƙofar Tela ta ƙi shiga.

"Makulli aka ba ki, ban ce ki buɗe kasuwa a falona ba," in ji ta. "Shekara da shekaru ina rufe abina, kin tone shi a yini ɗaya. Daga yau ko hayaƙi kika gani, ko me kika ji, in ba ni na kira ki da bakina ba, kada ƙafarki ta sake taka min gida."

Tela ta so ta ce ba ita ta gayyato su ba, ta so ta ce da ta tsaya korar mutane wataƙila da labule ya kama. Amma ta tashi ne a gidan da ba a mayar wa babba magana, ga shi kuma a ranta ta san da ta ja ƙofa bayanta da duk haka ba ta faru ba. Ta ciro makullin ta miƙa. Malama ta dube shi ta ce a mayar wa wadda ta kawo, ta juya.

Da Tela ta kira 'yar, kuka ta sa mata. Ta ce Gwaggo ta rufa mata asiri, ta san halin Mama, faɗa ne na baki. In ta ajiye makullin nan wa za ta ba? Ai Gwaggo ma uwa ce a gare ta. Haka farin ƙyalle ya koma kan ƙusarsa.

Faɗan bai tsaya a baki ba. Malama ta kai ɗinkinta wani wuri. In Tela ta gaishe ta sai ta kalli bango. Ko saƙo aka kawo Tela ta hau kai mata, za ta yi ta bugun ƙofa, rediyo na magana a ciki, ba za a buɗe ba, sai ta ajiye a ƙasa ta sauko. Duk da haka ba ranar da ba ta sauraren saman kanta. Ta san jan kujerar Malama da safe, ta san buɗe famfonta, ta san lokacin da take kunna labarai. In ta ji su sai ta ci gaba da taka kekenta.

Watanni suka shuɗe a haka. Wata safiya ba ta ji kujera ba, ba ta ji rediyo ba.

Ta ce wa kanta ko makara ce. Da hantsi ya yi ta hau ta buga, shiru. Ta kira waya, ta ji tana ƙara a ciki har ta tsinke. Amma Malama ta saba barin wayarta in za ta asibiti, kuma ta saba ƙin ɗauka in ta ga lambar Tela ce. Ta sauka ta tambayi mai shago ko ya ga fitarta. Ya sosa ƙeya ya ce kamar ya ganta da sassafe, ko kuwa jiya ce, shi dai ba zai rantse ba. Ta kira 'yar, ba a ɗauka ba. Matar direba da ta same ta tsaye a matakala ta ce mata, Gwaggo ke ba kya gajiya da neman wulaƙanci? Ki bar mata kayanta.

Duk da haka ta ɗauko makullin ta sake hawa. Ta tsaya a bakin ƙofar ta kasa kunne. Ta yi sallama, ta ce Malama ni ce, lafiya dai? Ta zura makullin har ya shige. Sai ta ga fuskar nan da matashin kujera a ƙirji, ta ji muryar nan tana cewa ko me kika ji. In ta buɗe ta tarar da ita tana wanka fa? In tana zaune lafiya lau tana kallon ƙofar, tana jira ta ga ko an ji maganarta? Ta zare makullin ta sauko.

A ƙasa wata mata na jiran kayan makarantar 'ya'yanta da aka yi mata alkawari. Tela ta hau keke. Ta yi ta ɗinki tana warwarewa, ta cinye wa wando ƙafa ɗaya, matar ta yi ta mita. Tsakanin nan ta sake kiran 'yar, ta sake hawa ta buga, ta sake saukowa.

Sai bayan la'asar, da matar ta tafi keke ya yi shiru, ta shiga kicin ɗora ruwa. Nan ta ji wani ɗan bugu a jikin bututun ruwan da ya sauko daga sama. Ƙwas. A jima, ƙwas. Ta tsaya da buta a hannu. Ta gane cewa tun safe take jin wannan ƙarar jefi-jefi a ƙarƙashin ƙarar keke, ta ɗauka kukan bututu ne da ya saba yi in ruwa ya ja baya.

Ba ta san yadda ta hau matakalar ba. Ta buɗe, ta shiga ita kaɗai, ta mayar da ƙofa. A banɗaki ta same ta, kwance a kan tayil, jiki jiƙe, baki ya karkace, ɓari ɗaya kamar ba nata ba. A hannun da ke motsi akwai kofin ƙarfe, da shi take bugun bututun. Ido ɗaya ya ɗago ya sauka a kan Tela.

Abin da Tela ta yi daga nan, har ta tsufa ba ta yanke wa kanta hukunci a kai ba. Ta goge mata jiki, ta zura mata doguwar riga, ta ɗaura mata ɗankwali. Ta fizge shanyar falo ta cusa a kwaba. Ba ta ɗauki lokaci mai tsawo ba, hannunta hannun tela ne, amma ta ɗauka. Sannan ta fito ta ƙwala wa direba kira.

Washegari 'yar ta iso asibitin da aka kai Malama. Likita ya ce mata shanyewar ɓarin jiki ce, kuma da an kawo ta tun da safe da akwai abin da za a iya yi. Yanzu sai dai a lallaɓa abin da ya rage. Ta fito ta samu Tela zaune a benci, inda ta kwana da kayan jikinta. Ba ta gaishe ta ba.

"Gwaggo, don me na ba ki makullin nan? Don ki yi masa ado da ƙyalle?"

Tela ta ce Malama ce ta hana ta shiga, ta faɗa mata kalma da kalma.

"Tsohuwa ce, marar lafiya. In ta ce a bar ta ta mutu sai ki bar ta? Kuma an ce da kika shiga ma tsayawa kika yi ɗaura mata ɗankwali. Uwata na ƙasa, ke kina ɗaurin ɗankwali."

Tela ta buɗe baki za ta ce ta kira ta tun safe ba ta ɗauka ba. Sai ta ga idon yarinyar ya kumbura da kuka, ta gane ita ma wannan kiran ne ke cin ta, shi ya sa take neman inda za ta sauke. Ta haɗiye maganar. Ta ce Allah ya ba Malama lafiya, ta ɗauki jakarta.

A gida kuwa shari'a aka zauna ba tare da ita ba. Matar direba, wadda ta ce a bar mata kayanta, ita ce kan gaba wajen cewa in da ita ke da makulli da tun safe ta buɗe. Mai shago ya ce shi bai taɓa cewa ya ga fitarta ba. Wasu suka ce ramuwa ce, tun faɗan nan Tela ke riƙe da ita a zuciya. Ɗanta ya zo ransa a ɓace zai yi rigima, ta hana shi.

Ba ta daina zuwa asibiti ba, sai dai takan auna lokacin da 'yar ta fita. Malama ba ta magana, ido kawai. Tela ta gyara mata matashi, ta shafa mata mai a ƙafa, ta zauna a gefenta. Ana gab da sallamarta harshe ya fara ɗan sakuwa. Ranar Tela na gyara mata mayafi sai hannun mai lafiya ya kama mata wuyan hannu. Ta sunkuya. Kalmomin suka fito a jagule, ɗaya bayan ɗaya, amma ta gane su.

"Na ji ki. A ƙofa. Kin sa makulli. Kin cire."

Tela ta jira ko akwai saura. Ko za ta ce laifina ne, ko za ta ce ban yafe ba. Ko wanne ne da ta san inda za ta ajiye shi. Malama ta saki hannun ta juya ido ga bango.

'Yar ta tafi da uwarta garin da take aiki. Mota ta zo ta kwashe kaya, wakilin mai gida ya zo ya karɓi makullin bai ko zauna ba. A makon ne Tela ta cire sauran daga kan ƙusoshi, ta bi ƙofa-ƙofa tana mayar wa kowa nasa. Ba ta yi wa kowa bayani ba, ta ce dai ta tsufa, mantuwa ta yi mata yawa. Ba wanda ya gode. Ma'aikacin banki ya ce ta sa shi cikin matsala, yanzu wa zai buɗe wa mai gyara? Matar direba ta ce abin Gwaggo ya zama girman kai, laifin wani ta huce a kan kowa, ta kwashe ɗinkinta ta kai kasuwa, wasu suka bi ta. Aiki ya ragu. Tela ta koma karɓar faci da rage tsawon wando, abin da a da take turawa wajen masu koyo.

Ba ta sake jin ɗuriyar Malama ba sai bayan fiye da shekara, shi ma a bakin wakilin mai gida. Ya kawo wandonsa a sake masa zif, cikin hira ya ce ai tsohuwar nan ta sama ta riga mu gidan gaskiya, an kwana biyu ma, ya ɗauka ta sani. Ta ce ba ta sani ba. Ta gama masa zif ɗin.

Da ya tafi ta wanke hannu, ta gyara ɗaurin kanta kamar mai shirin shiga gidan makoki, ta zauna a bakin gado ta kira 'yar. Wannan karon aka ɗauka. Ta yi sallama ta ce Gwaggo ce.

"Wace Gwaggon?"

Ta ce Gwaggo Tela, ta gindin matakala. 'Yar ta ce au, Gwaggo mai makulli. Ta karɓi gaisuwar yadda ake karɓa, ta ce Allah ya ba da lada, ta ce Mama ta sha jiki amma ta huta. Tela ta yi niyyar tambaya ko Malama ta ƙara ambatonta, ko da sau ɗaya, ko da da faɗa ne. Tana cikin neman ta inda za ta fara, 'yar ta ce ana jiranta a ofis, sai an jima.

Ta daɗe zaune da wayar a cinya. Can wata mata ta ƙwanƙwasa taga tana tambaya ko an gama rage mata siket. Tela ta ce ba a gama ba, ta dawo gobe.